Darasi na Goma Sha Biyu: Dabbobi a Gaban Kyamara

A shekarar 1939 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Jesse James. A cikinsa akwai inda mahayi da dokinsa suka faɗo daga kan dutse mai tsawo zuwa cikin ruwa. Mahayin ya tsira, dokin kuwa ya mutu. Da labarin ya bazu sai jama'a suka fusata. A 1940 ƙungiyar American Humane ta fara tura wakilanta wuraren ɗaukar fim domin su sa ido a kan yadda ake tafiyar da dabbobi.

A wancan zamani, idan ana son doki ya faɗi a fagen yaƙi, akan ɗaura masa waya a ƙafafun gaba, a sake shi da gudu. Da wayar ta miƙe sai ya kife, sau da yawa ya karye. Ingila ta riga Amurka ɗaukar mataki, domin tun 1937 ta yi dokar hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen shirya shi.

Yanzu faɗuwar doki sana'a ce da ake koya masa cikin watanni. Da farko yakan koyi kwanciya a hankali idan aka ja linzami gefe guda. Sannan ya koyi yin haka yana tafiya, daga bisani yana sukuwa. Kafin ranar ɗauka akan haƙe wurin da zai faɗi, a tsince duwatsu, a cika shi da yashi mai laushi. Idan akwai harbi, akan rage albarushi, a toshe kunnuwan dokin da auduga. Ƙarar da mai kallo yake ji, daga baya ake ƙara ta.

Kare kuwa da lada ake samunsa. Mai horo yakan tsaya bayan kyamara yana yi masa ishara da hannu, don kada muryarsa ta shiga fim. Idan karen ya je kan alamar da aka ajiye masa a ƙasa, sai a ba shi ɗan nama. Duka ba ya cikin wannan aiki. Ko ba don tausayi ba, dabbar da ta tsorata ba ta da tabbas, kuma ita ce mai cizo da harbi.

Ba a barin dabba ɗaya ta yi ta maimaita abu har ta galabaita. A fim ɗin War Horse na 2011, dawakai 14 ne suka fito a matsayin doki guda. A inda dokin ya sarƙe cikin waya mai ƙaya, wayar ta roba ce, kuma an haɗa da dokin inji.

Namun daji su ne babbar matsala, domin zaki ko ya saba da mutum bai daina zama zaki ba. Wajen shirya fim ɗin Roar, wanda ya fito a 1981, mutane kimanin 70 ne suka ji rauni. Shi ya sa a Life of Pi na 2012 aka zana mafi yawan motsin damisar da kwamfuta.

Duk da haka ba a rabu da asara ba. A 2012 aka dakatar da shirin talabijin mai suna Luck bayan mutuwar dawakai uku.

Ma'anar Kalmomi
linzami: ƙarfen da ake sa wa doki a baki don sarrafa shi
sukuwa: gudun doki mai ƙarfi
albarushi: garin da ke sa bindiga ta tashi
galabaita: matsananciyar gajiya

Tambayoyi
1. Me ya faru a 1939 da ya fusata jama'a?
2. Yaya ake shirya wurin da doki zai faɗi?
3. Don me mai horon kare ba ya magana a lokacin ɗauka?
4. Yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan: ishara, lada, tsira.