Darasi: Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Inji Idan Za Ka Tayar Da Tsohuwar Fijo 504

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga waya da kwamfuta zuwa gareji, amma kada ka ajiye wayarka, tana da aiki a ciki.

Idan ka zaga lungunan Unguwar Gano, Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, da wuya ka rasa gidan da aka jingine Fijo 504 a ƙofarsa, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Galibi motar Baba ce ko ta kaka. Yanzu da bidiyon gyaran tsoffin motoci ya cika TikTok da YouTube, matasa da yawa sun fara sha'awar tayar da irin waɗannan, kuma abin da suke fara tambaya shi ne: wane kaya zan saka ta riƙa gudu? A ganina wannan tambayar ce ya kamata ta zo a ƙarshe.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, shekarar da direba Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. Abin da aka san ta da shi juriya ne a kan mummunar hanya. Duk kayan da zai rage mata wannan juriyar, asara ka saya.

Fara da sanin injin da ke gabanka

Injin fetur na 504 iri biyu ne aka fi gani. Akwai XM mai 1796cc, faɗin silindarsa milimita 84. Akwai XN mai 1971cc, faɗin silindarsa milimita 88. Daga waje kusan kamarsu ɗaya, amma fistin ɗin wannan ba ya shiga wancan. Kuma motar da ta yi shekara arba'in a hannun mutane, ba mamaki an taɓa canza mata inji, wataƙila ma na 505 ne a ciki, tunda ita ma ta yi amfani da XN. Don haka kada ka dogara da rubutun da ke bayan but.

A nan waya ke fara aiki. Goge jikin injin, kunna fitilar waya, ka ɗauki hoton lambar da aka buga a jikinsa. Duk abin da makaniki zai kwance, ɗauki hotonsa kafin a taɓa shi: yadda wayoyin fulogi suka jeru, inda kowane tiyo ya shiga. Buɗe musu folda guda. Ranar haɗawa za ka gode wa kanka.

Wani abu kuma: ƙaramar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ba za ta yi maka komai ba a nan. Tsarin ya zama dole ne a Amurka daga 1996, motar kafireta kuwa ba ta da kwamfutar da za a karanta. Abin da kake buƙata shi ne ma'aunin matsin silinda, fitilar saita wuta, da ma'aunin kauri na baniya.

Gwajin matsi kafin sayen komai

Idan injin yana juyawa, a cire fulogai huɗu, a taka totur har ƙasa, a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya. Rubuta lambobin a waya. Idan wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai matsala. A zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Idan lambar ta tashi, ringi ne ya ci. Idan ba ta motsa ba, a duba bawul ko gasket. Injin da matsinsa ke zurarewa, ko wace kafireta ka ɗora masa mai kawai zai ƙara sha, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi ga aljihu.

Sirrin injin 504

Wannan shi ne wurin da ya kamata ka fi natsuwa. Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba. Hannun riga ne na ƙarfe, makanikai na ce masa silif, ana zura shi a ciro shi, ruwan lagireto yana zagaye shi kai tsaye. Amfanin haka shi ne ba sai an kai bulok an faɗaɗa rami ba. Ana sayen saiti guda: silif huɗu, fistin huɗu, ringi da fil. Saye su tare, daga kamfani ɗaya. Sabon ringi a cikin tsohon silif da ya riga ya yi gaɓa ba ya daɗewa hayaƙi zai dawo.

Haɗarinsa kuma yana ƙasan silif ɗin, inda ake saka abin da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai. Dole kowane silif ya ɗan ɗara saman bulok daidai da awon da littafin gyaran motar ya faɗa, kuma awo ne na ƙasa da kaurin takarda biyu, ba a yin sa da ido. Idan an cire kan inji, kada a juya karanshaf sai an danne silif ɗin, in ba haka ba zai ɗaga. Idan ka taɓa ganin baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, sau da yawa daga nan ne ko daga gasket.

Kan injin na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi. A kai a auna, a goge kaɗan idan ya kama. Wasu na cewa a ci shi sosai don ƙarin ƙarfi. Matsi zai ƙaru, gaskiya ne, amma injin zai fara ƙararrawa a kan hawa, kuma wannan ƙarar fistin take ci.

To ina kayan ƙara ƙarfi?

Kwatanta da abin da kamfanin da kansa ya samu. XN mai kafireta ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Da aka saka masa famfon fesa mai na Kugelfischer, sai ya ɗan haura 100. Tazarar doki goma ce ko kusa da haka. Saboda haka idan ka ga talla a Facebook cewa wata matatar iska za ta ƙara maka doki 30, wuce kawai.

Abin da na fi ba shawara shi ne a maye gurbin kwantak na cikin distirbuta da na lantarki. Kwantak yana cinyewa, saitin wuta yana gocewa. Na lantarki ba ya gogar komai, mota tana tashi da wuri, wuta tana zama daidai. Sai koyil da ya dace da shi, sabbin wayoyin fulogi, da lagireto mai tsabta. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, don haka famfon ruwa da fanka sun fi kowane ado muhimmanci. Tamostat kuma a bar shi a wurinsa, duk da al'adar cire shi da ake yi.

Babbar kafireta fa? Yi lissafi a kalkuletar waya: injin 1971cc yana shaƙar rabin girmansa a kowane juyi, wato kusan lita 4,900 na iska a minti idan yana juyi 5,000. A cunkoson Titin Zariya wajen gadar Dangi, ko rabin wannan juyin ba ka yi. Maƙogwaron da ya yi faɗi da yawa yana rage saurin iska, mai ba ya gauraya da kyau, mota tana shaƙewa idan ka taka. Kafireta mai baki biyu ta asali, an wanke ta an canza mata kayan ciki, ta fi. Haka kamshaf na tsere: yana kai ƙarfin can sama, ya bar ka da mota mai kakkarwa a danja. Buɗaɗɗiyar matatar iska kuwa, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye sabon ringinka.

Ranar shiga kasuwa

Idan za ka Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon kayan a hannu, tare da makanikinka da ma'aunin baniya. Duba bayan tsohon metal na karanshaf: idan an rubuta STD, ba a taɓa goge shi ba, idan akwai lamba, an goge, kuma sabon dole ya bi awon da mai gogewa ya ba ka. Buga lambar da ke jikin kwali a Google ka ga ko ta 504 ce da gaske. Kwali mai kyau ba shaida ba ce, na jabu ma sun iya buga kwali. A kan bulok, karanshaf da kan inji, ɗan Beljiyam mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ringi, metal, gasket da roba kuwa sabbi kawai.

Bayan an haɗa, ka bi ta a hankali na kilomita 1,000 na farko, sannan a juye baƙin mai. Daga nan sauke manhajar auna gudu ta GPS, ka ba wani ya riƙe wayar, ku auna daƙiƙa nawa take ɗauka daga 40 zuwa 80 a giya ɗaya, a kan hanya ɗaya marar cunkoso. Duk abin da ka canza daga baya, canza shi ɗaya bayan ɗaya ka sake aunawa. Kafin wannan gwajin, a tabbatar an canza tiyon birki da man birki, kuma a duba lambobi huɗu da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.