Kafin ka ƙara wa gidan ƙofa

Ɗana, na ji an ɗora maka kula da shafin intanet na makarantarku. Allah ya taya ka riƙo. Zo mu ɗan taɓa maganar rassan adireshi, abin da kuke ce wa sabdomen.

Ɗauki adireshin jami'armu ta nan Keffi, nsuk.edu.ng, ka karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ng ita ce ƙasa, NiRA ke riƙe da rajistarta. Edu unguwar makarantu. Nsuk kuma gidan. Duk kalmar da aka ƙara ta hagu, sashe ne aka kewaye a cikin gidan, ba sai an sake biyan kuɗin rajista ba. Wannan arhar ce ke yaudarar mutane.

A cPanel, manhajar sarrafa shafi, cikin minti biyu ka buɗe reshe. Ka ba kowanne jakarsa daban, kada fayilolin sakamakon jarrabawa su cakuɗe da na babban shafi. In reshen zai zauna a wata sabar, sai ka nuna masa hanya a DNS: rikodin A yana kai shi ga lambar IP, CNAME kuma ga wani suna. Ka gyara bai fito ba? Kada ka yi ta taɓe-taɓe. Sau da yawa wa'adin riƙe tsohon rikodi da cPanel ke sawa daƙiƙa 14400 ne, wato awa huɗu. Tafi ka yi sallah, ka ci abinci.

Kowace ƙofa kuma da kwaɗonta. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, amma kwana 90 take yi, don haka ka riƙa leƙawa ka ga tana sabunta kanta. Iyaye in suka ga gargaɗi a waya ranar biyan kuɗin makaranta, kai za su nema.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da aka manta. An buɗe reshe don ɗaukar ɗalibai, an jingina shi da sabar haya, shekara ta wuce, haya ta ƙare, rikodin yana nan yana nuna kango. Wani ɓata-gari na iya karɓe wurin, ya kafa shafin karɓar kuɗi da sunan makarantarku, adireshin kuma naku ne na gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ma na taɓa barin irin wannan a wani wurin da na yi aiki, wani ɗalibi ne ya ankarar da ni, kunya kamar in nutse.

Saboda haka samo littafi, na takarda ma ya isa. Rubuta sunan kowane reshe, wanda ya nema, inda yake nunawa, da ranar rufe shi. Ƙarshen kowane zango ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aikinsa ya ƙare, fara goge rikodinsa a DNS, sannan ka saki sabar.