GANSAKUKA: DAGA BAKIN TABKI ZUWA KASUWAR DUNIYA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka taɓa ba shi aikin wanke tankin ruwa a makarantar nan ya san gansakuka. Ita ce koren abin nan mai santsi da ke manne wa jikin tanki da bakin rijiya, ita ce kuma ke rufe fuskar kududdufi idan damina ta yi nisa. A wurinmu ƙazanta ce, sai dai a kankare a zubar. To, a darasin bana ina so mu sake duban ta, domin wasu daga cikin danginta sun zama hajja mai tsada a kasuwannin duniya. Ana sa su a abinci, ana yin ƙwayoyin ƙarin lafiya da su. Abin da zai ba mu mamaki kuma shi ne, maƙwabtanmu na ƙasar Cadi sun daɗe suna cin ɗaya daga cikinsu tun kafin masana su waiwaye ta.

1. Mece ce gansakuka?

Gansakuka babban dangi ne na halittun ruwa waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, kamar yadda ganyen dawa ke yi. Sai dai ba su da saiwa ko fure ko iri irin na shukar gona. Za mu iya kasa su gida biyu. Akwai manya, waɗanda ke tsirowa a teku, wasunsu har sun fi bishiyar rimi tsawo. Su ne ake kira ciyawar teku, kuma akwai jajaye da koraye da masu ruwan ƙasa. Akwai kuma ƙanana, waɗanda ido ba ya ganin ƙwaya ɗayarsu sai da madubin ƙara girma, irin wanda muke da shi a ɗakin kimiyya. Duk da ƙanƙantarsu, masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin iskar da ke raya mu, wato oksijin, daga waɗannan ƙananan halittu na cikin teku take fitowa.

A cikin ƙananan, wadda ta fi suna a kasuwa ita ce sifirulina. Idan aka duba ta a madubi, sai a ga wani siririn zare mai kore da shuɗi, a murɗe kamar igiya. Masana ilimin halittu suna lissafa ta cikin dangin bakteriya, amma 'yan kasuwa da masu sarrafa abinci a cikin gansakuka suke sa ta, mu ma haka za mu yi a nan.

2. Dihe, abincin Kanembu

Kowa ya san kanwa ungurnu, wadda fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu daga yankin Tabkin Cadi. A arewa maso gabas da wannan tabki, a ƙasar Kanem, akwai ƙananan tafkuna a tsakanin tuddan rairayi, ruwansu cike da kanwa. Yawancin halittu ba sa iya rayuwa a ruwa mai kanwa haka. Ita kuwa sifirulina nan ne gidanta. Ga zafin rana, ga kanwa, ga kuma ƙarancin abokan gasa, sai ta yi ta yaɗuwa har fuskar ruwa ta koma kamar miyar kuka.

Mutanen wurin su ne Kanembu, 'yan uwan Barebari. Aikin ɗibar wannan gansakuka na mata ne, a wasu tafkunan ma al'ada ta hana maza shiga ruwan. Matan sukan shiga da sassafe, su yaɗe koren da ya taso sama su cika ƙoransu. Daga nan sai su fito bakin tabki, su yi ɗan rami mai faɗi a cikin rairayi, su zuba. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran. Kafin ya gama bushewa sai su yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Wannan busasshen abu shi suke kira dihe. Ana kai shi kasuwa, uwargida ta saya ta marmasa shi cikin miya, a ci da tuwon gero.

A shekarar 1940 wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Pierre Dangeard ya ba da rahoto a kan dihe da aka kai masa daga wata kasuwa a Cadi, amma ba wanda ya kula sosai. Sai a tsakanin 1964 da 1965 wani masani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga dihe a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Da aka auna, sai aka tarar busasshiyar sifirulina tana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Don a gane yawan, waken da muke ci yana da kamar kashi 23 zuwa 25 ne. Ban da haka tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A can Meksiko ma, marubutan Sifen na ƙarni na 16 sun ga mutanen Aztek suna ɗibar irin wannan abu daga Tabkin Teskoko suna sayarwa a kasuwa, kuma a wannan tabkin ne aka fara samar da sifirulina da injuna a shekarun 1970.

3. Abin da ake samu daga ciyawar teku

Mu bar Cadi mu nufi bakin teku. Wataƙila wani ya ce shi bai taɓa cin gansakuka ba. Kada ya yi saurin rantsuwa. Akwai sinadarai uku da ake tatsa daga ciyawar teku waɗanda ke cikin kayan da muke saye a kanti.

Na farko agar. Shi ne daskararren abin nan da ake zubawa a faifan gilashi don a raini ƙwayoyin cuta a asibiti da ɗakin bincike. Wata mata mai suna Fanny Hesse ce ta ba da shawarar amfani da shi a farkon shekarun 1880, lokacin da mijinta ke aiki tare da Robert Koch a Jamus. Ita a kicin ta san shi, tana daskarar da kayan zaƙi da shi, ta kuma lura zafi ba ya narkar da shi da sauri. Na biyu karajinan, wanda ake samu daga jar ciyawar teku. Shi ke ba askirim da madarar cakulan da man goge baki kauri, ya hana su tsinkewa. Na uku aljinet, daga ciyawa mai ruwan ƙasa. Ana sa shi a wasu magungunan ƙwannafi, likitocin haƙori kuma da shi suke ɗaukar siffar baki.

4. Me ya sa kasuwar ke bunƙasa?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2022 an samar da gansakuka tan miliyan 37.8 a duniya, kusan dukanta nomawa aka yi, kuma ƙasashen Asiya irin su Sin da Indonesiya da Koriya ta Kudu da Filifin ne kan gaba. A 2023 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa sababbin kasuwannin ciyawar teku za su iya ƙaruwa da dala biliyan 11.8 kafin 2030. Ruwa ba ya tsami banza. Ga dalilai uku.

Dalili na farko shi ne launi. Jama'a a Turai da Amurka sun fara gudun rinin da ake haɗawa a masana'anta, suna son launin da ya fito daga halitta. Ja da rawaya ba su da wuyar samu, amma shuɗi yana da wuya. Sifirulina kuwa tana da wani shuɗin sinadari mai suna fikosayanin. A 2008 kamfanin Nestlé ya dawo da shuɗiyar alewar Smarties a Ingila bayan ya janye ta a 2006, kuma daga sifirulina ya samo launin. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sa shi a alewa da cingam. A 2025 ta sake amincewa da wani shuɗin da ake samu daga wata gansakukar dabam.

Dalili na biyu shi ne mai. Da yawanmu mun sha man kifi muna yara. Amfaninsa yana cikin wani kitse da ake kira omega-3, wanda ƙwaƙwalwa da idon jariri ke bukata. Asalin wannan kitse daga gansakuka yake, kifi a abincinsa yake samu. Saboda haka kamfanoni suka koma ga tushe, suna rainon gansakuka a manyan tankuna suna matse man. Tun daga 2020 dokar Tarayyar Turai ta wajabta sa wani nau'in wannan kitse a madarar jarirai ta gwangwani, abin da ya ƙara buɗe kasuwa.

Dalili na uku shi ne ƙasa. Jama'ar duniya sun haura biliyan 8 a 2022, gonaki kuwa ba sa ƙaruwa. Ciyawar teku ba ta bukatar gona ko ban ruwa ko taki. Ita ma sifirulina ana noma ta a kwalbati mai faɗi a kan ƙasar da ko gero ba zai yi ba. Haka ake yi a hamadar Kalifoniya da tsibirin Hawai a Amurka, da kuma arewacin ƙasar Sin.

5. Wa ke cin ribar?

Nan ne zuciyar darasinmu. Wani nazari da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa daga tabki guda a Cadi, wato Kossorom, mata na samar da dihe wajen tan 40 a shekara. Amma dihen da aka busar a kan rairayi yana zuwa da tsakuwa da ƙura, don haka bai cika shiga kantin magani na birni ba, balle ya ƙetare teku. Wanda ya noma irin wannan tsiro a kwalbati mai tsabta, ya auna, ya niƙa, ya ɗura a kwalba, shi ke sayar da ɗan cokali a farashin da matar Kanem ba ta taɓa ji ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da taimakon kuɗin Tarayyar Turai, ta koya wa wasu ƙungiyoyin matan Cadi tacewa da busarwa ba tare da rairayi ba, kuma farashin dihensu ya tashi.

Haka labarin yake a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, inda aka fara noman ciyawar teku don sayarwa a 1989. Yawancin manoman mata ne. Sukan ɗaure tsiron a igiya cikin ruwa mara zurfi, su girbe, su shanya, su sayar da araha. A wasu ƙasashe ake tatsar karajinan, can kuma ribar take tsayawa. Ga shi ruwan teku na ƙara ɗumi, yana kashe irin da ya fi tsada. Wasu matan sun fara yin sabulu da man shafawa da kansu don su ƙara samun abin hannu. Duk wanda ya san tarihin gyaɗa da auduga da fatu a ƙasarmu, wannan labari ba baƙo ba ne a gare shi.

6. Gargaɗi

Kama da wane ba wane ba ne. Kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya nufi kududdufin bayan gari da ƙwarya. Wasu dangin sifirulina da ke tsirowa a ruwan da ba ya gudu suna fitar da dafi mai lalata hanta, har yakan kashe dabbobin da suka sha, kuma tafasawa ba ta kawar da shi. Ido ba ya bambanta su. Ko wadda aka noma ma tana iya tsotsar dalma idan ruwan ba shi da tsabta. Saboda haka mai saye ya duba lambar NAFDAC a jikin kwalba.

Sai kuma masu talla da ke cewa sifirulina tana maganin kowace cuta. Mu yi lissafi. Ƙaramin cokali yana ɗaukar wajen giram 3, furotin da ke ciki bai fi giram 2 ba. Busasshen wake giram 100 yana ba da fiye da giram 20. Ashe ƙari ce a kan abinci, ba ta maye gurbin kwanon wake. Yawancin bitamin B12 da ake cewa tana da shi ma irin wanda jikin mutum ba ya amfana da shi ne. Mara lafiya da mai juna biyu su nemi shawarar likita tukuna.

Kammalawa

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Matan Kanem dai ba su kwana da yunwa ba, sun san abin da ke cikin ruwansu. Abin da ya rage shi ne ilimin aunawa da tsabtacewa da sarrafawa, wanda ke mayar da kayan ƙauye kayan kasuwar duniya. Muna da rana, muna da kanwa, muna da yaran da tamowa ke damu. Ku 'yan aji shida da za ku fita bana, musamman masu niyyar karanta kimiyya da aikin gona, ku tafi da wannan a zuciya. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu yana tambayar abin da ke cikin ruwa da ƙasa, a ba shi amsa, kada a kore shi.

Aikin hutu

1. Ka duba bayan kwalin askirim ko man goge baki. Idan ka ga E401 aljinet ne, E406 agar ne, E407 kuwa karajinan. Rubuta kaya uku da ka samu.
2. Bayyana dalilin da ya sa sifirulina ke yaɗuwa a ruwan kanwa.
3. Cokali nawa na sifirulina ne zai ba da furotin daidai da na wake giram 100?
4. Tambayi wata tsohuwa a gidanku sunan wani abincin da aka daina ci, da yadda ake sarrafa shi. Ka kawo amsar a makon farko na sabon zango.