Yadda Ake Auna Ruwan Tankin Kifi

Ya kai manomi, ka sani kiwon kifi a cikin gida ya fara da lissafi. Ƙasar Dutse ƙasar duwatsu ce, mutumin Limawa ba shi da kogi a ƙofar gida kamar mutanen fadamar Haɗeja. Ruwan da za ka zuba wa tarwaɗa ko karfasa, daga rijiya zai fito, ko burtsatse, ko kuwa ka saya wajen 'yan ga-ruwa. Saboda haka wajibi ne ka san yawansa. Idan ka je wurin malamin gona neman 'ya'yan kifi, ko gishiri da maganin da ake sa wa ruwa, tambayarsa ta fari ita ce, tankinka ruwa nawa yake ci? In ka faɗa masa abin da ya wuce gaskiya, kifi su yi wa ruwan yawa, magani kuma ya yi ƙarfi, wata safiya ka tarar da su sun juya ciki sama.

To, ga yadda za ka yi. Ka sami tef irin na magina, da sanda miƙaƙƙiya. Ka auna tsawon tankin da faɗinsa ta ciki. Kana ka tsoma sandar har ƙasa, ka auna iyakar inda ta jiƙe, wannan shi ne zurfi. Sai ka ninka ukun nan. Misali, tsawo ƙafa 10, faɗi ƙafa 6, zurfin ruwa ƙafa 3. To, 10 sau 6, 60 ke nan, 60 sau 3 kuma 180. Ma'anar wannan, cikin tankin akwai gurbin akwati 180, kowane ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi. Akwati irin wannan yana cin galan 6 da kwata. Sai ka ce 180 sau 6¼, ya ba ka galan 1,125. Garwar kananzir ta da galan 4 take ci, watau wajen garwa 281. In da lita ka saba, kowane akwati lita 28 ne da ɗan ɗoriya, jimla wajen lita 5,100, ko jarka 204 mai cin lita 25.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, don haka ka lura da kyau. Wani sai ya auna ta waje, ya haɗa da kaurin bango, ya kuma ɗauki tsayin gini a maimakon zurfin ruwa. Tankin nan namu, in da bulo mai inci 9 aka gina shi, bangonsa kuma ƙafa 4, awonsa ta waje zai zama ƙafa 11½ da 7½ da 4, watau akwati 345. Ka gani, ya kusa ninka gaskiya biyu. Wanda ya sayo kifi bisa wannan lissafi, ya cusa kifin tanki biyu cikin ɗaya. Ba zai ga aibun abin ba sai bazara, domin ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa takan ragu. Tarwaɗa tana iya taso kai ta shaƙi iska, takan jure, amma karfasa ba ta da wannan dabara.

Mai awo da mita, nasa ya fi sauƙi. Mita ɗaya ta kowace fuska lita 1,000 ce cif. Tanki mai mita 3 da 2 da 1, lita 6,000.

In tankin zagayayye ne kamar rijiya, ka auna faɗin bakinsa ta tsakiya, ka ninka shi da kansa, ka ninka da zurfi, kana ka ninka da 11 ka raba da 14. Faɗi mita 2, zurfi mita 1: 2 sau 2 sau 1, 4 ke nan, sau 11 ya zama 44, a raba da 14 a sami 3 da ɗan kai, watau wajen lita 3,140. In kuwa rami ne aka haƙa, bakinsa ya fi gindinsa faɗi, sai ka auna sama ka auna ƙasa, ka haɗa ka raba biyu, ka yi aiki da abin da ya fito.

Sandar nan kada ka yar da ita. Ka yi mata zane a kan kowane inci. A tanki mai ƙafa 10 da 6, inci ɗaya na ruwa akwati 5 ne, kusan garwa 8. In ka tsoma ta da safe ka ga ruwa ya sauka, nan take ka san garwa nawa za ka ƙara. In ya riƙa sauka fiye da yadda ya saba, ka duba bango, wataƙila yoyo yake. Ruwan da ka zubar wajen canji kuma kada ya tafi a banza, ka kora shi gindin dabino ko lambu, yana da taki.

Dagatai da masu unguwa, ku ja kunnen masu gini. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin misalinmu yana riƙe da abin da ya haura tan 5. Kada a jingina shi da katangar ƙasa ta maƙwabci, kada kuma a bar shi ba shinge a gidan da ƙananan yara suke wasa.