Kafin Ku Ɗora Guduma a Kan Duwatsun Gure: Abin da Za Ku Yi da Wanda Ba Za Ku Yi Ba

Wannan gargaɗi ne ga ɗaliban ilimin duwatsu, na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na André Salifou ta Damagaram, da masu tsallakowa daga Kano ko Zariya, duk mai niyyar zuwa ƙasar Muniyo, inda Gure take, ya ɗebo samfuri don auna shekarun ɓawon ƙasa. Na'urar auna izotof ba ta gyara kuskuren kowa. Abin da kuka miƙa mata shi za ta karanta, ta ba ku lamba mai kyan gani, ko da dutsen na bogi ne. Saboda haka ku saurara da kyau.

1. Kada ku kira tsaunukan Gure tsohon ɓawon ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi ban haushi, domin rashin karatu ke kawo shi. Duwatsun da ke tsaye kusa da garin ragowar aman wuta ne da giranit da ya kutso cikin ƙasa ya daskare a siffar zobe, kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Russell Black ya bayyana zoben Gure tun 1963, Karche da Vachette suka auna shekarun irin waɗannan duwatsu na Nijar a shekarun 1970 ta hanyar rubidiyom da sitirontiyom. Zoben Gure ɗaya ne daga cikin jerin da ya miƙe fiye da kilomita 1,000 daga arewa zuwa kudu: na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo suna tsakiya, na Najeriya su ne ƙannai, daga kimanin miliyan 213 a Dutse zuwa miliyan 141 a Afu. Shimfiɗar da suka huda ita ce ta girme su, ita ce wadda babban karon nahiyoyi ya murɗe ya narkar kimanin shekara miliyan 600 baya. In ana maganar tsufa na gaske kuwa, sai a tafi Liptako a yammacin Nijar inda ake da na biliyan 2.1, ko Kaduna inda Kröner da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 cewa sun sami dutse mai fiye da shekara biliyan 3.5, ko Akasta ta Kanada mai biliyan 4. Wanda bai haddace wannan jeri ba, kada ya hau mota.

2. Ku nemi tsohon ɓawon inda yake ɓuya. Don Gure ba ta da tsufan Kaduna, ba a ce ba ta da labari ba. Narkakken dutse in yana tasowa yakan lashe wanda ya tarar a hanya, kuma abin da ya lasa yakan bar alama. Ƙwayar zirkon, wadda sau da yawa ba ta kai kan allura ba, ba ta narkewa da sauƙi. Takan tsira da tsohuwar cibiyarta, sabon rufi ya girma a kanta. Cibiyar tana ba da shekarun kakan dutse, rufin yana ba da lokacin da wannan dutsen ya daskare. Haka ma samariyom da niyodimiyom: suna nuna lokacin da kayan dutsen suka fara rabuwa da zurfin ƙasa suka zama ɓawo, kuma wannan lokaci kan girmi giranit ɗin nesa ba kusa ba. Tambayar da ta cancanci wahalarku ke nan: nawa ne sabo daga ƙasa, nawa ne tsohon ɓawo da aka sake narkarwa? Kada ku taɓa haɗa waɗannan shekaru biyu a layi ɗaya kamar abu guda ne. Wanda ya yi haka bai fahimci aikinsa ba.

3. Kada ku tsinci dutse a ƙasa. Wanda ya gangaro, wanda ruwa ya kawo, wanda wani ya yar a bakin hanyar Damagaram zuwa Difa, duk ba ku san asalinsu ba. Ku fasa daga jikin dutsen da ke kafe a wurinsa.

4. Ku fasa har ku kai lafiyayye. Rana da iska da ruwan damina sun cinye fatar duwatsun nan, ta yi ja ko ruwan ƙasa, tana marmashewa a hannu. Ku ci gaba da duka, kuna zubar da ɓawon a nan inda kuke, har gudumar ta daina ƙarar bif ta koma ƙara mai kaifi, tsagin ya fito da ƙyalli, ku ga ƙwayoyin ma'adinai ɗaya-ɗaya da tabaron ƙara girma. Rubidiyom da sitirontiyom suna bin ruwa. Ruɓaɓɓen dutse shekarun banza zai ba ku. Ku guji jijiyoyin farin dutse da tsagogin da suka yi tsatsa. Don zirkon, ku ɗebi kilo da yawa, ba ɗan guntun da zai shiga aljihu ba. Na san nauyi gare shi, kuma na san zafin Afrilu a can ba wasa ba ne. Ku fita da asuba, ku sa tabaron kare ido, kada ku cusa hannu ƙarƙashin dutse sai kun juya shi da guduma, saboda kunama da maciji.

5. Ku rubuta a take, ba da dare ba. Lamba a jikin dutsen, lamba a kan leda, lamba a takarda cikin ledar, lamba a littafi tare da wurin da GPS ya nuna da hoto da zanen yadda wannan dutse ya ratsa wancan. Zanen nan kada ku raina shi. Idan ido ya ga dutse ya yanka wani, wanda ya yanka shi ne ƙarami, kuma duk lambar da ta fito daga ɗakin gwaji tana musun haka, lambar ce ke da laifi. Samfurin da lambarsa ta ɓace, ku jefar da shi. Kada ku yi masa cinta.

6. Kada ku yi ganganci wajen niƙa. Ƙwayar zirkon ɗaya tak da ta maƙale a injin niƙa ko a rariya daga aikin wani ta isa ta sa ku shelanta wa duniya kun gano tsohon ɓawo a Muniyo alhali daga Liptako ta zo. Ku wanke, ku busa, ku duba, ku sake wankewa. Rariya sabuwa ga kowane samfuri.

7. Kada ku karɓi shaida ɗaya. Alfanun zirkon shi ne yuraniyom iri biyu ke cikinsa, kowanne yana rikiɗewa zuwa dalma da saurinsa: rabin mai lamba 238 yana juyewa cikin shekara biliyan 4.47, rabin mai lamba 235 cikin miliyan 704. Kamar shaidu biyu ne gaban alƙali. In bakinsu ya zo ɗaya a karɓa, in ya saɓa to mai yiwuwa dalma ta zube a wani lokaci, sai a sake bincike. Kada ku ɓoye ƙwayoyin da suka ƙi bin ra'ayinku. Ku bayyana su duka, ku faɗi dalilin ajiye waɗanda kuka ajiye, kuma kowace lamba ta fito da iyakar kuskurenta a gefe. Zaɓen abin da ya yi muku daɗi ha'inci ne, ko da malaminku bai gano ba.

8. Kada in ji kuna cewa za ku auna giranit da kabon 14. Rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, amfaninsa bai wuce shekara 50,000 ba, kuma na abin da ya taɓa rai ne, kamar gawayi da ƙashi.

9. Kada ku ɗauki Kutus da Muniyo abu ɗaya. Tsaunin Kutus da ke arewa da Gure dutsen yashi ne, ya kwanta daga baya. Zirkon ɗin cikinsa baƙo ne da ruwa ya kwaso daga wasu wurare. Yana faɗin shekarun inda ya fito, ba lokacin da yashin ya kwanta ba.

10. Ku shiga gari ta ƙofa. Takardar izini daga hukuma tukuna, sannan ku gaida mahukuntan Gure, ku je fada, ku sauka wurin mai gari ko bulama na ƙauyen da dutsen yake. Ƙasar Mangawa ce, ku tafi da mai jin Barebari, ku biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata. Wanda ya yi kiwo a gindin tsaunin tun yana yaro ya san inda dutse ya canza launi fiye da taswirarku. In an ce muku wuri kaza akwai kabari, ko ba a fasawa, ku bar shi. Dutse bai ƙare ba. Kada ku taka shuka. Kada ku tsaya gardamar shekarun duniya da dattijo a bakin masallaci. In ya tambaya, ku bayyana masa yadda ake awon cikin ladabi, ku yi shiru.

11. Kada ku yi wa kowa alkawarin zinariya. Tun da aka sami ta Jado a 2014, duk wanda aka gani da guduma da buhu ana zaton ita yake nema. Gaskiya ne dangin waɗannan duwatsu sun ba da kuza a Jos da Riruwai da Ayar, amma awon shekaru daban, neman ma'adini daban. Kalma ɗaya ta burga daga bakinku tana iya sa magidanci ya sayar da awakinsa ya hau haƙa. Alhakinsa a wuyanku yake.

12. Ku raba kowane samfuri biyu kafin ya bar ƙasa. Na'urorin wannan awo masu tsada ne, yawanci sai an aika Faransa ko Afirka ta Kudu ko Sin. Rabi ya tafi, rabi ya zauna a jami'arku da lambarsa, domin wani ya iya sake gwadawa bayanku. Kada ku yarda a buga sakamako babu sunan wanda ya sha ranar. In an buga kuma, ku kai kwafi ma'aikatar ma'adinai, ku rubuta shafi biyu da Hausa mai sauƙi, ku koma Gure ku miƙa wa malaman sakandare da fadar da ta ba ku masauki. Yaran da suka bi ku suna kallon kuna fasa dutsen garinsu suna da haƙƙin jin abin da kuka samu. Ku koma ku faɗa musu.