Tsargiya a Bakin Dam ɗin Tiga: Aikin da Ke Jiran Ƙungiyoyin Sa Kai

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Riruwai, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da wata ƙungiya da ke haɗa taro da sisi don taimaka wa asibitin garin da makarantar firamare ba. Wasu ƙungiyoyin taimakon kai da kai ne, wasu ƴan agaji ne na Fityanul Islam ko Jama'atu Nasril Islam ko Izala, wasu kuma ƴan asalin gari ne mazauna Kano da Kaduna da Abuja, a WhatsApp suke taronsu. Ni ma'aikacin lafiya ne, a ƙananan asibitocin yankin nan na yi yawancin aikina, kuma na sha karɓar gudummawa daga irin waɗannan hannaye: tabarmi, bokitai, fenti, kwalayen farasitamol. Allah Ya saka da alheri. Sai dai duk ranar da shugaban ƙungiya ya ce mini, "Malam, bana me za mu yi muku?" abin da nake roƙonsa shi ne su kama mana tsargiya.

An gina dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Albarkarsa ba ta ɓuya ba. Ga kifi, ga noman rani, ga ruwan da ke bin kwata har Kadawa da Kura ana shinkafa da tumatir. Amma ruwan da ke kwance duk shekara, da ciyayi a gefensa, shi ne mazaunin wani ƙaramin dodon koɗi da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsa. Mai ciwon zai yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shige dodon koɗin, bayan wasu makonni su fito da yawa suna yawo. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga: yaron da ya faɗa iyo da tsakar rana, yarinyar da ta tsuguna wanki, masunci, mai ban ruwa da ya tsaya a kwata ba takalmi. Akwai kuma irin da ke kama hanji, ita ta bayan gida ƙwayayenta ke fita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka saba da ita. Uba zai ce maka zafin rana ne, wani ya ce ai yaron balaga ya fara, shi ma ya yi ya wuce. Jinin da ke ɗiga a ƙarshen fitsari yakan ragu da girma, gaskiya ne, amma ƙwayayen da suka maƙale a jikin mafitsara suna nan suna ɓarna. Yaro ya yi ta fama da ƙarancin jini, yana gyangyaɗi a aji ana kiransa daƙiƙi. Shekaru su ja, mafitsara ta lalace, ƙoda ta taɓu, wani ma ya kai ga ciwon daji na mafitsara. A mata kuwa sha'anin ya fi ɓoyuwa. Tsutsar na taɓa al'aura da bakin mahaifa, mace ta yi ta ƙaiƙayi da zubar ruwa da ciwon mara, a yi ta ɗirka mata maganin sanyi ba sauƙi, wata har a zarge ta da abin da ba ta aikata ba.

Magani akwai, kuma a lokacin rabo kyauta ne. Sunansa firazikwantel. Kamfanin Merck na Jamus na bayar da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, kuma ya yi alkawarin ƙwaya har miliyan 250 a shekara. A makaranta ake jera yara, a auna tsayinsu da sandar awo, tsayin ne ke nuna ƙwaya nawa kowa zai sha. A 2022 hukumar ta faɗaɗa shawararta: duk garin da mutum 10 cikin 100 ke da ciwon, a ba kowa daga shekara 2 zuwa sama, sau ɗaya a shekara.

To ina matsalar? A cikin yaro take. Maganin nan ba a shansa da yunwa. Wanda ya sha ba komai a cikinsa zai iya yin jiri, ciwon ciki, har amai. Yaranmu kuwa da yawa haka suke fitowa ba karin kumallo. Na ga ranar rabo da yara kaɗan suka yi amai a wata firamare, kafin azahar labari ya zaga gari cewa maganin Turawa ya kwantar da yara, washegari ajujuwa wayam. Mu mutanen Kano mun san inda irin wannan jita-jita ke kaiwa, don ba mu manta 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna. Tukunyar koko da tiren ƙosai a ƙofar makaranta da safiyar ranar rabo za su kashe wannan magana tun ba ta tashi ba. Ba na jin kuɗinsu ya kai na fentin katanga da allon sanarwa mai ɗauke da sunan ƙungiya. Matsalarsu dai ba su da kyau a hoto.

Sai yaran da rabon ba ya kaiwa gare su. Lissafin da rajistar makarantar boko ake yinsa, alhali waɗanda suka fi daɗewa a ruwa su ne almajiran tsangaya, da ƴaƴan masunta, da ƴaƴan Fulani a rugage ta wajen dajin Falgore. Ni in na je wurin alaramma da rigar aiki, zai karɓe ni da mutunci ya ce zai duba. Ɗan agajin da suke sahu ɗaya a masallaci in ya je, a ranar za a sa lokaci. Haka cikin gidaje: ƙungiyar mata da ungozomar unguwa ne za su iya zama da matan aure su yi maganar da ba za a taɓa yi a gabana ba.

Ina yawan ba shugabannin ƙungiyoyi misalin Rotary. Sun ɗauki shan inna a 1985, suka riƙe ta shekara da shekaru, da kuɗinsu da ƙafarsu, tare da gwamnatoci da sarakuna, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Namu ƙungiyoyin kuwa bana asibiti, baɗi gasar ƙwallo, baɗin waccan an yi rikicin zaɓen shugabanni an watse.

Maganin yana kashe tsutsar da ta girma a jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha yau, gobe ya koma ruwan da ake fitsari a ciki, ɗiban ruwa da kwando muka yi. Shi ya sa masai biyu masu ƙofa a makaranta, na maza daban na mata daban, da gyaran famfon burtsatsen da ya mutu, suka fi mini katan goma na magani. Yashi da bulo da haƙa rami aikin gayya ne, mun gada. Abin da ke kashe masai rashin mai kula ne, don haka a sa sunan wanda zai riƙe makulli da wanda zai sayi sabulu tun kafin a aza tubali.

Abu ɗaya nake roƙo kada a yi: kada ƙungiya ta sayo ƙwayoyin a kasuwa ta raba da kanta. Akwai jabu, akwai kuskuren awo, kuma yaron da ke da farfaɗiya ko wanda ba shi da lafiya a ranar sai ma'aikaci ya duba shi tukuna. A sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da ke kula da wannan rabo. Ku same shi, ku ji watan da za a zo garinku, ku zauna da shugaban makaranta da kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa. In kuɗi ya ragu bayan koko da ƙosai, ku saya wa asibitin garin tsinken gwajin fitsari, wanda ke nuna jini ko da ido bai gan shi ba. Da shi za mu gwada aji ɗaya bana, mu sake gwada shi baɗi, ku ga lissafin da idonku.