Tambaya da Amsa: Motar haya za ta kai mu cikin Benis?

Tambaya:

Ni ɗan kasuwa ne, nakan je Milan sarin takalma, amma ban taɓa zuwa da iyali ba. Bana Allah ya hore, biza ta fito, ina so in tafi da uwargida da yara uku da Hajiya mahaifiyata. Niyyata in ɗauki hayar mota a filin jirgin Milan, mu yi mako guda muna zagayawa, har mu je Benis, garin nan da ake cewa a kan ruwa yake. Wani abokina ya ce mota ba ta shiga garin. Gaskiya ne? In haka ne, ina zan ajiye ta? Kuma yaya zan yi da Hajiya, ga ta da ciwon gwiwa, ga autanmu shekararsa huɗu?

Wani magidanci, daga Kano

Amsa:

Alhaji, Allah ya yi maka albarka da ka sa Hajiya cikin wannan tafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Gaskiya abokinka ya faɗa maka. Tsohon birnin Benis tsibirai ne 118 da aka haɗa da gadoji fiye da 400, kuma babu titin mota a cikinsa, ko keke ma an hana hawa. Motar asibiti jirgin ruwa ce, haka ta 'yan kwana-kwana, haka ta kwashe shara. Iyakar inda mota ke kaiwa shi ne ƙarshen wata doguwar gada mai kusan kilomita 4 da aka buɗe a 1933, ana kiranta Ponte della Libertà. In ka tsallaka ta, ko dai ka tsaya a Piazzale Roma ko ka karkata zuwa tsibirin Tronchetto, duka biyun gidajen ajiye motoci ne. A Piazzale Roma kuɗin kwana guda yakan haura Yuro 30, kuma lokacin hutu wuri kan cika tun da hantsi.

Don haka shawarata ita ce ka sa Benis a ƙarshen tafiyar, ka mayar da motar kafin ku shiga. Kamfanonin haya suna da ofis a Mestre, garin da ke kan tudu gab da gadar, da kuma filin jirgin Benis mai suna Marco Polo. Ka tambaye su tun wajen ɗauka nawa za su ƙara in ka ɗauka a Milan ka ajiye a can. Sau da yawa wannan ƙarin bai kai asarar biyan kuɗin haya da na ajiya a kan motar da ke tsaye kwana biyu ba. Daga Mestre jirgin ƙasa minti goma da ɗoriya ne zuwa tashar Santa Lucia, kuma kana fitowa daga ƙofar tashar babbar mashigar ruwan garin ce a gabanka, jirage na kai da kawowa. Ka bar yara su tsaya su kalla, kada ka yi musu gaggawa a nan.

Kafin nan akwai hanya. Ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, ka haɗa da naka na Najeriya, kuma katin bankin da za a riƙe kuɗin jingina a kansa ya zama da sunan direba. Yawancin motocin haya a Italiya masu giyar hannu ne, in otomatik kake so sai ka faɗa da wuri. Ku shida ne, kuma na san mutanenmu da kaya: mota mai kujera bakwai in an buɗe kujerun baya, da ƙyar take ɗaukar akwati biyu. Ka nemi ƙaramar bas mai kujera tara. Doka ta ce yaron da tsawonsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara, don haka auta dole ne, wataƙila har da wanda yake bi.

Daga Milan zuwa Benis kusan kilomita 270 ne a babbar hanyar A4, kuma a allunan hanya Venezia za ka gani. Hanyar ta kuɗi ce, za ka ciri tikiti wajen shiga ka biya wajen fita. Ka guji layin da ke da allo mai ruwan ɗorawa, na masu na'urar Telepass ne. A gidan mai, benzina shi ne fetur, gasolio kuma shi ne dizal, ka duba murfin tanki kafin ka zuba. Abin da ya fi cin baƙi shi ne alamar ZTL, farin allo mai jan da'ira a mashigar tsofaffin unguwanni, irin na Verona da ke kan hanyarku. Ba ɗan sanda a wurin, kyamara ce, kuma takardar tara takan biyo mutum bayan watanni ta hannun kamfanin haya. In ka ga alamar, ka ajiye mota a waje ku taka.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi damuna. Kusan kowace gada a Benis matakala ce, a hau a sauka, kuma a tafiyar minti ashirin za a iya haɗuwa da guda biyar ko shida. Mai ciwon gwiwa ba zai jure wannan yini guda ba. Mafita ita ce jirgin fasinja da suke kira vaporetto, wanda shi ne bas ɗin garin. A farashin 2024 tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne na minti 75, na awa 24 kuma Yuro 25, yaro ƙasa da shekara shida kyauta. Ku sayi na yini. Layi na 1 yana bin babbar mashigar a hankali, ya wuce ƙarƙashin gadar Rialto da aka gama a 1591, ya kai ku kusa da dandalin San Marco. Hajiya tana zaune za ta ga mafi kyawun garin. Masauki kuma ka zaɓi wanda ke dab da tashar jirgin, ka tambaya a fili ko akwai lif da kuma gada nawa ce tsakani, domin akwatunan ma da hannu za a haura da su.

Kwalekwalen nan baƙi mai suna gondola mutum biyar yake ɗauka, Yuro 90 na rabin awa da rana, kuma shigarsa sai an lanƙwasa gwiwa. Ka bar uwargida da yara su hau, kai ka zauna da Hajiya. Auta kuwa kada a saki hannunsa: bakin ruwa a wurare da yawa ba shinge, kuma matakalar da ta yi kore da gansakuka santsi gare ta ƙwarai.

Akwai wuri guda da nake roƙonka kada ka tsallake, ko da za ka bar wasu. Ginin Fondaco dei Turchi, a bakin babbar mashigar, shi ne masaukin fataken Daular Usmaniyya tun daga 1621, inda suke sauke kaya su kwana su yi ciniki. Ɗan kasuwa irinka zai gane wurin da kallo ɗaya, zango ne na fatake. Yau gidan tarihin halittu ne, kuma a ciki akwai ƙwarangwal ɗin wata dabbar zamanin da mai tsawon kusan mita 7, Ouranosaurus nigeriensis, wadda ayarin Giancarlo Ligabue ya haƙo a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar, a 1973. Yaran Kano su tsaya gaban ƙashin da ya fito daga maƙwabtansu, a ƙasar Italiya, wannan darasi ne da ba za su samu a aji ba.

Ka sani kuma garin yana da masu shi, kuma sun gaji. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kusan 175,000, a 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000, baƙi kuwa miliyoyi ne kowace shekara. Shi ya sa tun 2024 ake karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su koma a yini guda, a wasu ranakun cunkoso tsakanin Afrilu da Yuli. Wanda ya kama masauki a garin, har da Mestre, ba ya biya, haka yaro ƙasa da shekara 14. Ana cin tara kan ba tattabaru abinci da zama a matakalar gada ana cin abinci. Ka ja kunnen yara su riƙa bin dama a lunguna, domin mai biye da su wataƙila wurin aiki za shi.

Abinci ba zai ba ku wahala ba in kun riƙe kifi, amma ka tambaya ko an sa giya a girki, kuma prosciutto da maiale duk naman alade ne. Gidajen abinci na halal sun fi yawa a Mestre, inda 'yan Bangaladash ke da yawa, kuma akwai masallaci a unguwar Marghera in Juma'a ta riske ku. Ku ba Benis kwana biyu, ku fita da sassafe kafin jama'a su cika gari, da azahar a dawo da Hajiya ta huta.